Ranar da Aka Dakatar da Malam Maiwada

Takardar ta iso Gazara ranar Laraba da hantsi, cikin ambulan mai tambarin jam'iyya. Uwaisu, shugaban jam'iyyar na mazaɓa, ya karanta ta a tsaye a ƙofar ofis, sannan ya shiga ciki ya zauna ya sake karantawa, ko zama zai rage mata nauyi. Bai rage ba. Shugabannin jam'iyya na ƙaramar hukuma, can Makarfi, sun umarce shi da ya kira taron shugabannin mazaɓa ranar Asabar, ya karanta hukuncin dakatar da Malam Abdurra'uf Maiwada na tsawon wata shida. An ja layi a ƙarƙashin kalmomi biyu: da bakinsa. Za a turo wakili ya ɗauki bidiyon karatun, domin na sama su gani hankalinsu ya kwanta. Sakin layi na ƙarshe shi ne mafi ladabi a duk takardar. Ya ce shugaban mazaɓar da ya kasa tsawatar wa mutanensa ya nuna ke nan kujerar ta yi masa nauyi, kuma jam'iyya ba za ta bar ɗanta ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Malam Maiwada surukin Uwaisu ne, mahaifin matarsa Rumaisa.

Laifin Malam bai bukaci bincike ba, domin shi da kansa ya tabbatar kowa ya ji. Mako biyu kafin nan ya kai masara kasuwar Hunkuyi, 'yan hatsi suka taya ta da farashin da ya sa ya zauna a kan buhu. Ana cikin haka wata ma'aikaciyar gidan rediyo ta iso, tana tambayar manoma yadda kaka ta zo musu. Waɗanda ta fara tambaya suka ce alhamdulillahi, suka juya mata baya. Malam kuwa ya miƙe, ya gyara rawani, ya yi salati, ya faɗi sunansa da na garinsu, ya ƙara da lambar katinsa na jam'iyya, kada wani ya ce ɗan adawa ne ya yi magana.

Ya ce shekara ashirin da biyu ke nan yana cikin wannan tafiya, tun ana taro a zauren gidansa a kan tabarma. Ya ce sun zaɓi shugaban ƙasa ne domin ya tsare abin da magabatan tafiyar suka bari, wato kamun kai a dukiyar jama'a da mutunta mai fartanya. Yau ga shi shugaban ya cika fadarsa da waɗanda jiya suke jifan jam'iyyar, jerin motocinsa ya fi na wanda suka kayar tsawo, an kuma buɗe wa hatsin waje ƙofa daidai lokacin da manomin gida ya kai nasa kasuwa. "Da wani ne can ya yi haka, da ban ce uffan ba, don bai yi mini alkawari ba," in ji shi. "Namu ne, shi ya sa nake faɗa masa." Ya rufe da roƙon Allah ya shiryi shugaban, ya koma kan buhunsa.

Gidan rediyon ya sa maganar sau uku. Daga nan ta shiga wayoyi, ta zaga Kudan, ta gangara Janfalan a ƙasar Ikara, ta dawo Makarfi ta sami masu ofis a zaune.

A cikin shugabannin jam'iyya na Gazara, su goma sha bakwai, mutum ɗaya ne kawai bai yarda da maganar Malam ba, shi ne Uwaisu. Sauran sukan faɗi abin da ya fi haka zafi a majalisar bayan la'asar, su kuma tafa wa shugaban ƙasa a filin taro har tafukansu su yi ja, ba su taɓa jin ɗayan ya takura wa ɗayan ba. Uwaisu ne kaɗai ya karanta manufofin gwamnati tun daga farko har ƙarshe. Ya yi imani cewa wahalar ta ɗan lokaci ce, cewa mai awon hatsi a birni shi ma ɗan ƙasa ne da ya cancanci sauƙi, cewa jawo tsofaffin abokan hamayya dabara ce ba cin amana ba. Yana da amsar kowace jimla da Malam ya faɗa a Hunkuyi, zai kuma iya jera su a gaban kowa a ƙasar Zazzau, ban da mutum ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya da aurensa, bai taɓa cin abinci a gaban Malam ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai kuma taɓa kiran sunansa ba. Haka aka tarbiyyantar da shi, haka ya ga mahaifinsa yana yi wa nasa surukin. Ko wani Abdurra'uf daban ya gamu da shi, "mai sunan Malam" yake ce masa. Akwai wani mai faci a tashar Makarfi da ake kira Maiwada. Uwaisu ya gwammace ya wuce shi da tayar da ta sace ya nemi na gaba. A taron jam'iyya idan ana kiran sunaye, yakan ce "Malam" yana kallon ƙasa, sakatare ya yi alama, a wuce. Ba wanda ya taɓa ganin aibu a haka. Dattawa ma misali suke yi da shi.

Da azahar Uwaisu ya koma gida. Rumaisa ta dawo daga Islamiyyar da take koyarwa, tana zaune a tsakar gida tana gyaran barkono. Ya miƙa mata takardar. Ta goge hannu, ta karanta a hankali kamar mai duba jarrabawa.

"Wata shida," ta ce. "To, Ciyaman, ai Baba ma ya huta da zaman benci. Gwiwarsa ta samu sauƙi."

"Ba ki ga inda aka ja layi ba?"

"Na gani. An ce da bakinka." Ta ninke takardar ta mayar masa. "Ai bakin naka ne."

"Rumaisa, ba wasa nake yi ba. Shekara takwas ina manna fosta ina share filin taro kafin a ba ni wannan matsayi. Idan ya kuɓuce ba zai dawo ba. Ki je ki roƙe shi ya yi zamansa a gida ranar Asabar. In ba ya wurin, wataƙila in iya."

"Baba ne zai yi fashin taro? Inna ta ce ranar da aka haifi autanmu ma daga taro aka kira shi, kuma sai da aka shafa fatiha ya taso." Ta jawo farantin barkononta. "Ni ban ce ka karanta ba, ban ce kada ka karanta ba. Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Abu ɗaya dai, ka biya ka ɗauke shi a mota. Kada ka bari ya hau babur."

Ranar Alhamis mataimakinsa Ɗayyabu ya same shi a ofis. Shekara goma sha biyu da suka wuce an taɓa dakatar da Ɗayyabu saboda ya zagi ɗan takarar jam'iyya a kasuwa, kuma Malam Maiwada ne ya dage sai da aka yi masa hukuncin. Ya fusata ya koma jam'iyyar adawa, ya yi shekaru yana zagin tsohon gidansa da lasifika. Mako guda bayan an ci zaɓe ya dawo da hular da tambarinta ya fi na kowa girma, aka ba shi mataimaki domin a zauna lafiya.

"Ciyaman, ranka ya daɗe," ya ce, ya jawo benci. "Tsakani da Allah, duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne. Ni da kaina masarata tana nan jibge a ɗaki na ƙi fitar da ita, ƙwari sai walima suke yi. Amma gaskiya a rediyo? Har da lambar kati? Haba."

"Ni ban yarda gaskiya ba ne," in ji Uwaisu. "Malam gefe ɗaya ya duba. Shugaban ƙasa yana kan hanya, lokaci kawai yake bukata."

Ɗayyabu ya waiga ƙofa, ya leƙa taga, ya dawo da kallonsa. "Ciyaman, daga ni sai kai a ɗakin nan. Ka huta."

"Wallahi har cikin zuciyata."

"To, Allah ya ƙara basira," in ji Ɗayyabu, da muryar wanda ya ga gwani a sana'arsa ya sallama. "In karatun ya yi maka nauyi ranar Asabar, ina kusa. Ni sunan ba ya maƙale mini. Na sha faɗinsa."

Ranar Juma'a da safe Uwaisu ya tafi gonarsa ta rake a bakin fadama, ya kutsa tsakiya inda ba mai ganinsa, ya fito da takardar ya yi gwaji. Ya karanta gabatarwa lafiya, ya karanta sashen kundin jam'iyya da aka saɓa, ya iso "saboda haka mun dakatar da", ya tsaya. Ya tuna wa kansa cewa babu malamin da ya taɓa cewa haramun ne. Al'ada ce kawai, sunan ma kyakkyawa ne, ana so a riƙa ambatonsa. Duk ya san wannan. Ya sake farawa daga sama. A karo na huɗu ya samu ya furta rabin sunan cikin raɗa, sai iska ta kaɗa ganyen rake a bayansa, ya waiga da sauri, ya tsinci kansa a durƙushe. Ya tashi ya kakkaɓe wando, ya ce a ransa an fara samun ci gaba.

Ranar Asabar da hantsi ya tsayar da mota nesa kaɗan da gidan Malam, ya cire takalmi a bakin zaure, ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Malam. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Uwaisu. Ya iyali?"

"Lafiya lau, Malam. Ya ƙarfin jiki? Ya gwiwar?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya raken, ya kai yanka?"

"Ya kusa, Malam. Ya masu ɗaukar karatu?"

"Suna nan lafiya. Ya jama'a?"

"Jama'a sai godiya," in ji Uwaisu, ko da yake bai san ko wane ne a cikinsu yake godiyar ba.

Malam ya fito riƙe da jakarsa ta fata. Uwaisu ya san abin da ke ciki: katin jam'iyya, da kundin tsarin jam'iyya wanda ya sha hannu har bangonsa ya koma launin ƙasa. Ya buɗe masa ƙofar gaba, ya jira ya daidaita ƙafarsa, sannan ya zagaya.

Sai da suka hau hanya Malam ya ce, "Na ji an aiko da takarda."

"An aiko, Malam."

"Hukuncin daidai yake, na duba. Wanda yake da ƙorafi a kan shugaba, sai ya fara kawo shi gaban shugabannin mazaɓa a rubuce. Ni ban kawo ba, kasuwa na kai. Da wannan sashe na sa aka dakatar da Ɗayyabu, ba kuwa zan ce sashen ya tsufa ba don ya iso kaina."

"Malam, da za a ɗan janye maganar... ko da rabinta ne..."

"Wane rabin ne ƙarya?"

Uwaisu yana da amsa, a jere, kowace da hujjarta. Ya dubi hanya. "Allah ya huci zuciyar Malam," ya ce.

"Zuciyata lafiya lau take. Shugaba ya karkace, na faɗa, ba zan janye ba. Na saɓa ƙa'ida, a hukunta ni, ba zan gudu ba. Wanda ya ce sai na ɗauki ɗaya na yar da ɗaya bai san abin da muka kafa ba. Kai dai ka yi aikinka. Kula da akuyar can."

An jera bencina a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ofis. Wakilin da aka turo daga Makarfi, Ukasha, ya riga kowa zuwa, cikin farar shadda mai sitaci, da waya biyu a hannu. Ya kafa ɗaya a kan wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku tana fuskantar teburin shugaba. Hajiya Lantana, shugabar mata, ta zauna a gefe da mataimakiyarta, ta gaida Malam gaisuwa mai tsawo, ta amsa ta Ukasha da kalma ɗaya.

Nan aka tarar da abin da ba wanda ya yi tunaninsa a Makarfi. Tun kafuwar jam'iyya a Gazara Malam Maiwada ne ke buɗe taro da addu'a, kuma zuwa wannan lokaci ba a dakatar da shi ba tukuna. Aka dubi juna. Ɗayyabu ya yi gyaran murya, amma bai kai ga magana ba Malam ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

Ya yi salati, ya roƙa wa magabata rahama, ya roƙa wa ƙasa zaman lafiya. Sannan ya ce, "Ya Allah, ka shiryi shugaban ƙasarmu."

"Amin!" in ji taro gaba ɗaya.

"Ka tuna masa alkawarin da ya yi wa manoma ya manta."

"Amin." Muryoyin sun ɗan ragu.

"Ka raba shi da masu yi masa tafi a fili suna zaginsa a majalisa."

Aka yi ɗan shiru, domin addu'a ba a katse ta, ba a kuma barin ta babu amin. Ɗayyabu, wanda bakinsa ya saba riga na kowa, ya ce "Amin" da ƙarfi shi kaɗai, sannan ya dubi wayar da ke kan ƙarfe. Ukasha ya yi masa alama da yatsu cewa za a yanke wurin. Aka shafa.

"Bismillah, Ciyaman," in ji Ukasha. "Ka dubi waya, ka ɗaga murya. Na sama ba sa son raɗa."

Uwaisu ya miƙe. Ya karanta gabatarwa da murya mai kyau. Ya karanta sashen da aka saɓa, Malam a bencin gaba yana bin karatun da yatsa a nasa kundin yana gyaɗa kai. "Saboda haka mun dakatar da... Malam, na tsawon wata shida."

"Tsaya," in ji Ukasha. "Wane Malam?"

"Malam dai."

"Ciyaman, a Gazara kaɗai malamai nawa ne? In na kai wannan Makarfi, sai a ce limamin Juma'a muka dakatar. Ka karanta yadda aka rubuta. Mu sake."

Aka sake. Uwaisu ya bi hanyar da ya bi ɗazu, ya iso wurin. "Mun dakatar da mahaifin mai ɗakina."

Wani a bencin baya ya fashe da dariya ya mayar da ita tari.

"Jam'iyya ba ta da mai kati da wannan suna," in ji Ukasha.

"Kai Ukasha," in ji Hajiya Lantana daga gefe, "kai ba ka da suruki ne? Ko an daina kunya a Makarfi ba mu ji ba?"

"Ina da shi, Hajiya. Amma nawa ba ya shiga rediyo."

"Allah ya shirye ka. Tare muka yi makarantar allo da gwaggonka, zan ko gaya mata."

"Hajiya, ni aiko ni aka yi."

Ɗayyabu ya fara miƙewa. "Don a sauƙaƙa wa Ciyaman, ni sai in..."

"Zauna, Ɗayyabu," in ji Malam, bai ko ɗago daga kundin ba. "Shugaba ne ke karanta hukunci, muddin yana wurin kuma yana da lafiya. Haka aka yi maka, in ba ka manta ba." Ya juya wajen tebur. "Uwaisu, karanta. Sunan da mahaifina ya raɗa mini ne, ba zagi ba ne. Na yafe maka duniya da lahira."

Wannan yafiyar ce ta ƙarasa shi. Da Malam ya ɓata rai, ko ya kau da kai, wataƙila da Uwaisu ya runtse ido ya furta. Amma ga dattijon nan zaune taku uku daga gare shi, hannunsa a kan gwiwar da ke ciwo, yana jira a kira sunansa kamar ɗan aji. Uwaisu ya dubi takardar. Ya tuna shekarunsa takwas na fosta da tsintsiya. Ya tuna cewa ya yarda da hukuncin, ya yarda da shugaban ƙasa, kuma a duk wanda ke ƙarƙashin bishiyar nan shi kaɗai ne zai karanta wannan takarda ba da munafunci ba. Ya buɗe baki. Ya ajiye takardar a kan tebur, ya ɗora mata biro kada iska ta ɗauke ta.

"Ba zan iya ba," ya ce.

Ya faɗa a sarari, yana kallon waya, da irin muryar da na sama suke so.

Ukasha bai kira kowa ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da ambulan na biyu. Takardar da ke ciki ta ce, tunda shugaban mazaɓa ya ƙi bin umarni a gaban jama'a, an sauke shi, mataimakinsa zai riƙe. Malam ya nemi a ba shi ya gani. Ya ɗaga ta nesa da idonsa, ya karanta, ya sake duba samanta.

"Wannan kwanan watan Laraba ne."

"Don kada a ɓata lokaci ne, Malam," in ji Ukasha.

Ɗayyabu ya zagayo bayan tebur, ya gyara hularsa yadda tambarin zai fuskanci waya, ya karanta takardun biyu. Da ya iso sunan Malam sai ya ja shi kamar mai sanarwar ɗaurin aure, har ya ƙara da sunan kakan Malam wanda ba ya cikin takardar. Ukasha ya ce rana ta ɓata hoton, ko za a daure a sake. Ɗayyabu ya ce ba komai, ai don jam'iyya ne. Daga nan aka ce waɗanda suka amince su ɗaga hannu, domin bidiyon ya cika. Hannun Malam ne ya fara tashi, sauran suka bi, kowa yana kallon inda ba zai haɗa ido da na kusa da shi ba.

Ana watsewa Hajiya Lantana ta tari Uwaisu a bakin mota. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe kana tare da mu, ka iya ɓoyewa haka?"

"Hajiya, ni ina tare da shugaban ƙasa."

"Na sani, na sani," ta ce, tana dafa kafaɗar mataimakiyarta. "Dukkanmu muna tare da shi."

Ba wayar Ukasha kaɗai ce ta ɗauki taron ba. Kafin Malam ya gama daidaita ƙafarsa a mota, wani ya riga ya yanke wurin da Uwaisu ya ajiye takarda ya ce ba zai iya ba, ya rubuta a ƙarƙashi cewa ga shugaban mazaɓar da ya zaɓi gaskiya ya bar kujera, ya sake shi ya tafi. Suna hanya wayar Uwaisu ta fara ƙara a aljihu. Bai ɗauka ba, domin ba ya amsa waya a gaban Malam. Ta yi shiru, ta sake farawa. Haka ta yi ta yi har suka iso ƙofar gida.

Uwaisu ya buɗe masa ƙofa, ya bi shi da jakar har bakin zaure, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Uwaisu."

"Na'am, Malam."

"Ka ba ni kunya yau. An ba ka amanar jama'a, aka ce ka karanta layi ɗaya. Da ka ƙi ne don ka ga hukuncin zalunci ne, da na ce ka yi kuskure amma kana da dalili. Ka ga zalunci ne?"

Uwaisu ya ce, "A'a, Malam."

"To ka gani. Yanzu ga mazaɓa a hannun Ɗayyabu."

"A gafarce ni, Malam."

"Saukewar da aka yi maka ma ba ta kan ƙa'ida. Ba a rubuta hukunci kafin a yi laifi. Zan aika musu da ƙorafi." Ya shafa gemu. "Sai dai wanda aka dakatar ba shi da ikon rubuta ƙorafi. Ka jira wata shida."

"Allah ya kai mu, Malam."

Wayar ta sake farawa.

"Ka ɗauka mana," in ji Malam. "Tun a hanya take kuka."

Uwaisu ya fito da ita a durƙushe, ya kara a kunne. Mai kiran irin mutanen nan ne da ke magana a waya kamar suna kiran wani daga hayin rafi, don haka Malam ya ji komai.

"Ranka ya daɗe, jarumin Gazara! Sadiƙ ne daga Janfalan, ba ka san ni ba, amma yau kowa ya san ka. Mun ga abin da ka yi, wallahi har hawaye na yi. Mu nan da 'yan'uwanmu na Hunkuyi mun daɗe muna so mu kafa ƙungiyar 'yan jam'iyya masu faɗa wa shugaban ƙasa gaskiya, mun rasa wanda zai tsaya a gaba, don kowa yana da abin da yake tsoron ya rasa. Kai kuwa ka riga ka rasa. Yanzun nan muka yi shawara, baki ɗaya mun zaɓe ka shugaba. Ba mu karɓar a'a!"

Uwaisu ya buɗe baki zai ce shi bai ga laifin shugaban ƙasa ba, kuma maganar da aka yi a Hunkuyi gefe ɗaya ta duba. Sai idonsa ya sauka a kan ƙafafun wanda ya yi maganar, tsaye a gabansa a kan dokin ƙofa.

"Na ji," ya ce a hankali. "Na gode."

"Allahu akbar! Ya karɓa!" in ji Sadiƙ, aka ji ihun mutane a bayansa.

Malam ya miƙa hannu ya karɓi jakarsa. Daga masallacin unguwa aka fara kiran sallar azahar.

"Ka ce su aiko da dokokinsu a rubuce in duba," ya ce, ya shiga ya yi alwala.